Makullin birki a motar tsere: yadda za ka zaɓa, ka ɗaura, ka yi aiki da shi

Duk mai kallon tseren motocin Amurka a waya ya saba ganin abu ɗaya kafin a tashi: mota ta tsaya cak, tayun baya suna ta juyawa, farin hayaƙi ya turnuƙe wurin, na gaba kuwa ko gezau. Samarin da ke kawo mini motoci gareji sukan ɗauka tsabar ƙarfin inji ne, ko gwanintar haɗa birki da totur da ƙafa biyu. Galibi ba haka ba ne. Wata 'yar na'ura ce da ba ta fi dunƙulen hannu girma ba, makullin birki, wanda masu sayarwa suke kira layin-lok. Shi yake riƙe birkin gaba ya bar na baya a sake.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce wanne ne mai kyau, kuma nawa ne. Ni abin da ya fi damuna shi ne inda za a sa shi. A tsakiyar fayif ɗin birkin gaba yake zama, birkin gaba kuwa shi ne yake ɗaukar mafi yawan aikin tsayar da mota. Duk lokacin da ka taka birki a cunkoson Ƙofar Nassarawa ko a kan titin Zariya, sai man birkinka ya ratsa ta cikinsa da duk mahaɗar da aka yi masa, ko da rabonka da filin tsere ya kai shekara. Saboda haka mafi yawan bayanina a kan fayif da noti zai tsaya.

Yadda yake aiki

Cikinsa babu wani abin mamaki. Bawul ne mai aiki da lantarki, wato solonoyid: naɗin waya da ɗan ƙarfe a tsakiya. Idan babu wuta a jikinsa hanyar a buɗe take, mai yana kai da komo ba tare da wani cikas ba. Ka taka birki da ƙarfi, mai ya matse tayu huɗu. Ka danna maɓalli, wuta ta shiga, ƙarfen ya rufe hanya. Sai ka ɗage ƙafa. Man da ya tafi baya ya dawo masta, wato famfon da fedar birki take turawa, birkin baya ya saki, amma wanda ya tafi gaba ya rasa hanyar dawowa, ya ci gaba da matse kalifa, wato abin da ke damƙe farantin birki, kamar yadda mai noman rani a Kura yake datse bakin fangali bayan ruwa ya shiga. Da ka saki maɓalli hanya ta buɗe, birkin gaba ya saki nan take.

Amfaninsa biyu ne a tseren miƙe, wato wanda mota biyu suke jerawa su fafata a miƙaƙƙen layi na rubu'in mil, mita 402, ko rabinsa, mita 201. Na farko gasa tayun baya kafin a tashi, don su zubar da ƙura su ɗauki zafi su kama ƙasa. Na biyu riƙe mota a kan layin tashi, musamman mai giyar hannu, inda feda uku ne ƙafa kuma biyu.

Wani zai ce ai da ƙafa ma ana yi. Ana yi, amma inji yana kokawa ne da birkinsa na baya, yana cinye fad yana ƙona faranti. Motocin zamani da yawa kuma da kwamfuta ta ga birki da totur a take tare sai ta rage wa inji ƙarfi. Kamfanin Ford ma da ya ga masu Mustang suna son abin, sai ya sa shi daga masana'anta a samfurin GT na 2015, yana riƙe birkin gaba har daƙiƙa 15.

Fara duba motarka kafin ka duba kasuwa

Kwanaki wani matashi ya shigo da Camry mai kyau, ya ce, "Oga, irin abin nan nake so a sa mini, na gaba ya tsaya na baya ya yi hayaƙi." Na ce, "Ƙanena, motarka da tayun gaba take ja. Idan na kulle su, me zai juya?" Camry da Corolla da Accord da Golf da Peugeot 406, waɗanda su ne suka cika titunan Kano, duk da gaba suke ja. A irinsu tayun baya ake riƙewa, kuma birkin hannu mai lafiya ya isa wannan aikin. Ajiye kuɗinka.

Masu ja da baya su ne ake wannan magana dominsu: Mercedes C da E, BMW irin su E36 da E46 da E90, Lexus IS da GS, har da tsohuwar Peugeot 504 da 505 ga mai sha'awa. Amma leƙa ƙasan motar da kanka. Mercedes mai tambarin 4MATIC, BMW mai xi, da Lexus mai AWD da tayu huɗu suke ja; ka kulle gaba ka ba su wuta, abin da zai biyo baya ɓarnar giya ce da akwatin raba ƙarfi. Akwai kuma Mercedes E ta W211, wadda aka ƙera daga 2002 zuwa gyaran fuskar 2006, mai birkin SBC, inda famfon lantarki da kwamfuta ne suke ba tayu matsi, ba ƙafarka kai tsaye ba. Wannan ba na taɓa fayif ɗinta don irin wannan aiki, kuma ina roƙonka kai ma kada ka bari a taɓa.

Sai tsarin fayif. Buɗe bonet ka bi su da ido da yatsa tun daga masta. Masta hanya biyu gare shi, don idan ɗaya ta fashe ɗayar ta tsayar da kai. A wasu motocin hanya ɗaya ta gaba ce ɗaya ta baya. A wasu kuma a gicciye aka raba: gaban hagu da bayan dama tare, gaban dama da bayan hagu tare. A tsohuwar mota marar ABS (na'urar hana tayu kullewa idan an taka birki) mai rabon gaba da baya, solonoyid ɗaya ya isa, a sa shi kafin inda fayif ya rabu hagu da dama, kuma bayan bawul ɗin raba matsi idan akwai. A mai rabon gicciye dole biyu, ɗaya ga kowace tayar gaba.

Mai ABS kuwa, duba jikin famfon, za ka ga haruffa a bakin kowane fayif. FL da FR su ne gaban hagu da gaban dama. A motocin Jamus sau da yawa VL da VR za ka gani, na baya kuma HL da HR. Akwai masu sa solonoyid ɗaya tsakanin masta da famfon ABS, kuma yana yi idan an tabbatar rabon gaba da baya ne. Ni na fi son biyu a bayan famfon, kan fayif ɗin gaban hagu da na gaban dama. Kuɗin ya fi yawa, mahaɗa ta ƙaru, amma babu zato a ciki: ka san tayar da ka kulle.

Abin da za ka saya

Sunayen da aka sani a wannan harka na Amurka ne: Hurst mai Roll/Control, wanda shi ne ya fi tsufa a bakin mutane, sai B&M da Moroso da TCI. Ba kaya ba ne da za ka tarar a kowane shago a Sabon Gari, yawanci sai an yi oda, farashin kuma yana bin dala. A cikin kwalin za ka samu solonoyid, maɓalli, ɗan ƙwan fitila, fiyus da waya. Fayif da adafta sau da yawa daban ake sayen su, kuma ka yi odarsu tare, domin neman su a nan ya fi neman solonoyid ɗin wahala.

Abu uku nake dubawa. Na farko a rubuce yake cewa na man birki ne. Robar da ke cikin bawul iri-iri ce, wadda ta jure baƙin mai ko man giya ba ta jure man birki, sai ta lalace ta fara yoyo ko ta maƙale. Na biyu matsin da zai iya ɗauka. Taka birki da ƙarfi yakan kai psi 1,000, a firgice ma ya wuce haka nesa, don haka nemi wanda adadin da aka rubuta masa ya ninka wannan. Na uku, wanda ya fi duka, ya zama a buɗe yake idan babu wuta.

A kan wannan na ukun nake so ka saurare ni da kyau. Yanzu da ake ta juya motoci zuwa gas, solonoyid ya yawaita a hannun mutane, kuma a ido yana kama da namu. Na gas a rufe yake idan babu wuta, haka aka yi shi don ya tare gas da an kashe mota. Ka sa irinsa a birki, ranar da fiyus ya ƙone ko waya ta tsinke kana cikin tafiya, hanyar birkin gabanka ta toshe ke nan. Na gaskiya kuwa idan wuta ta ɗauke sai ya buɗe, ka koma da birkinka na yau da kullum. Haka nan ka guji wanda aka ciro daga wani inji a Ƙofar Ruwa ba tare da an san asalinsa ba. Ina sayen kayan Beljiyam da yawa a can kuma suna yi mini aiki, amma ban da wannan. Araha ba ta ado.

Fayif da noti

Fayif ɗin birkin yawancin ƙananan motoci inci 3/16 ne, wato milimita 4.75. Nemi na ƙarfe wanda aka yi don birki, ko na haɗin tagulla da nikel, wanda ya fi sauƙin lanƙwasawa kuma ba ya tsatsa. Fayif ɗin tagulla zalla na masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki ba na birki ba ne. Jijjigar mota tana sa shi ya bushe ya tsage, galibi daidai bakin noti. Kada kuma a yi walda ko a haɗa fayif biyu da guntun tiyo da kilif, ko da irin mahaɗar masu aikin famfo mai zobe a ciki. Duk mahaɗar birki da baki ake yin ta, wanda aka buɗa da na'urar yin bakin fayif.

Bakin iri biyu ne za ka ci karo da su. Akwai mai ninki biyu, wanda aka buɗa sannan aka mayar da leɓensa ciki. Shi motocin Amurka da na Japan suke amfani da shi. Akwai mai kumburi, wanda ƙarshensa ya yi ɗan tulluwa. Shi ne a Mercedes da BMW da sauran motocin Turai. Kowanne da irin kujerar da yake zama a kai. Ka sa wannan a kujerar wancan, zai ɗauru, wataƙila ma ba zai yi yoyo a ranar ba, amma bai zauna ba.

Ga kuma tarkon da ya fi kama mutane. Kayan Amurka notinsu 3/8-24 ne, na motocinmu kuwa M10x1.0. Kaurin na farko milimita 9.5 da ɗan ɗoriya, na biyu 10, tazarar haƙoransu kuma ta yi kusa ƙwarai. Notin Amurka yana shiga ramin M10 salin-alin, ya ɗauru har ka ji daɗi, alhali da gefen haƙori kawai ya kama. Ranar da yaro ya tsallako maka titi ka danne birki da dukkan ƙarfinka, ranar ce matsi zai iya fizgo shi. Gwada kowane noti da hannu kafin sifana ta taɓa shi: idan ya shiga zagaye uku ko huɗu yana rawa a ramin, ba nasa ba ne. Ni nakan sa yarana su ware notocin a gwangwani biyu tun kafin a fara, kada su haɗu a tire ɗaya.

Ramukan jikin solonoyid kuma wani iri ne na uku, yawanci 1/8 NPT, haƙori mai tsukewa wanda shi da kansa yake toshe mai. Nan ne kaɗai ake shafa maganin toshe haƙori, kaɗan, a bar haƙora biyun farko babu komai don kada ya shiga cikin bawul. Idan farin tef za ka naɗa, haka nan, ja shi baya daga baki, domin ɗan zare ɗaya ya isa ya hana bawul rufuwa. A kan notin bakin fayif kuwa ba a sa tef ko gam ko kaɗan. Baki ne yake toshewa a can, idan yana yoyo to bakin ne bai yi ba, a yanke a sake.

Samar wa solonoyid wuri kusa da masta, a ɗaure shi da kusoshi a jikin ƙarfen mota, kada a bar shi yana lilo a kan fayif. Nisanta shi da salansa da duk abin da ke juyawa. Akwai ramin shiga da na fita, a rubuce suke: na shiga daga masta, na fita zuwa taya. Idan an juya su ba zai riƙe yadda ya kamata ba. Sauran ramukan a toshe su da matoshin da suka zo a kwali. Lanƙwasa fayif a hankali kada ya karye ciki, a kama shi da kilif kada ya riƙa gugar wani ƙarfe. Ajiye ruwa a kusa, man birki yana cin fenti cikin ɗan lokaci.

Shawara ɗaya da za ta yi maka amfani gaba: kada ka yanka fayif ɗin asali. Kwance shi ɗungurungum ka adana, a yi sabo.

Waya

Wannan mai wayarin mai hankali zai gama shi da wuri. Wuta ta fito daga layin da ke kawowa sai an murɗa makullin mota, ta bi ta fiyus, ta shiga makunni na farko, ta wuce maɓallin da sai an danne yake ba da wuta, sannan solonoyid, ɗayar wayar kuma ta kama jikin mota a wurin da aka kankare fenti. Ƙwan fitilar ya zauna inda idonka zai gan shi, ya kama duk lokacin da makullin yake riƙe. Fiyus ƙarami ne, bi abin da takardar kwalin ta ce, kuma idan ya ƙone a nemi dalili, kada a naɗa masa silin waya. Idan solonoyid biyu ne a sa rila, maɓalli ɗaya ya tashe su tare. Mahaɗar waya a matse ta da kan waya ko a yi mata dalma. Murɗawa a naɗe da baƙin tef ba ta daɗewa a zafin bonet.

Makunnin farkon nan mutane suna son tsallake shi, ni kuwa ba na fitar da mota babu shi. Maɓallin yana kan sandar giya ko sitiyari, inda hannu yake kaiwa ba da niyya ba. Idan gwiwa ko hannun ɗanka ya danna shi kana cikin rage gudu a kwana, birkin gaba zai ci gaba da riƙewa bayan ka ɗage ƙafa. Makunni mai murfi, a kashe kullum, sai a fili ake kunna shi.

Cire iska da gwaji

Tunda an buɗe fayif iska ta shiga, sai an cire ta a tayu huɗu. Bi jerin da littafin motar ya faɗa. A yawanci ana farawa da tayar da ta fi nisa da masta. Kada a bar tankin masta ya ƙafe ana cikin aiki, in ba haka ba iska ta shiga famfon ABS, wanda a wasu motocin sai an jona kwamfuta kafin ta fita. Yi amfani da man da aka rubuta a murfin tanki, daga sabuwar roba da ba a buɗe ba. DOT 3 da DOT 4 suna shan danshin iska, wanda ya kwana biyu a buɗe ya rage ƙarfi. DOT 4 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, DOT 3 kuma 205. DOT 5 na silikon ne, ba a haɗa shi da su.

Sai gwaji, mota a ɗage a kan ƙafafun ƙarfe, ba jak kaɗai ba. Danne birki da ƙarfi ka riƙe rabin minti. Idan feda tana nitsewa a hankali, akwai yoyo. Bi kowace mahaɗa da busasshiyar takarda, ɗigo ɗaya ba abin yafewa ba ne. Sannan taka, danna maɓalli, ɗage ƙafa, wani ya juya tayu da hannu: na gaba biyu su ƙi motsi, na baya su juya. Saki maɓalli, na gaba su saki tare kuma nan take. Idan ɗaya ta riga ɗaya, ko wata ta ci gaba da ja, ba a gama ba. Daga nan a sauke mota a gwada birki a hankali a cikin gareji, washegari a sake bin mahaɗa da takarda. Ba a fafe gora ranar tafiya. A gama wannan duka da sauran kwanaki kafin ranar wasa.

A fili

Filin da nake nufi rufaffe ne, wanda aka nemi izininsa, babu mai wucewa. Titin Zoo da Hadeja Rod da baifas ba fili ba ne, ko da ƙarfe biyun dare. Ba tsoron KAROTA ko jami'an kiyaye haɗurra nake ba ka ba. Mai adaidaita da ya fito neman abincin iyalinsa da almajirin da ke tsallaka titi ba su shiga tsere da kai ba. A Amurkar da muke kallo ma, dalilin da ya sa Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951 shi ne a kwashe masu tsere daga titunan jama'a a mayar da su filin da aka tsara.

Sa hular kwano, ɗaura bel, a ajiye abin kashe gobara kusa. Kowa ya bar gaban mota da bayanta, tayu suna harba tsakuwa da ƙarfi. Duba shekarun taya a lambobi huɗun ƙarshe na layin DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara; tsohuwar tayar Beljiyam mai tsage a gefe ba ta wannan wasa ba ce. Kashe na'urar hana santsi. A BMW sai ka danne maɓallinta na 'yan daƙiƙu kafin ta kashe gaba ɗaya, a Mercedes da yawa kuwa ko ka kashe ESP, wato tasu na'urar, kwamfutar ba ta janye hannu duka, tana iya ci gaba da taɓa birkin tayar da ke juyawa.

Miƙe sitiyari sak. Kunna makunni, buga birki sau biyu ko uku, danne da ƙarfi, danna maɓalli ka riƙe, ɗage ƙafa. A atomatik ba ta wuta da azama har tayu su ɓalle. A mai giyar hannu ɗaga juyin inji ka saki kuloci da hanzari, kada ka riƙe shi a rabi, shi zai ƙone maimakon taya. Da sun fara juyawa tsayar da totur wuri ɗaya, kada ka bar allura tana dukan ja. Idan za ka gama, saki maɓalli mota ta gangara gaba kana sassauta totur a hankali. Tayu masu zafi idan suka cafke ƙasa farat ɗaya da wuta a sama, furofela da aksil ne suke shan bugun. Ka ji bayan motar yana tsalle yana dukan ƙasa, ɗage ƙafa nan take, wannan tsallen yana karya shaf. Idan kuma taya ɗaya ce kawai take juyawa, aksil ɗinka buɗaɗɗe ne, ƙananan giyoyin cikinsa suna wahala, kada ka ja abin da tsawo.

Tsawon lokacin shi ne inda 'yan kallo suke ruɗar direba. Dogon hayaƙin da kake gani a bidiyo na tayun tsere ne masu laushin roba, waɗanda sai sun yi zafi suke kamawa, su ne ma ake bi da su ta cikin ruwa kafin a gasa. Tayar titi irin tamu daƙiƙa biyu ko uku sun ishe ta, kuma a kauce wa ruwan, don zanenta yana ɗebo shi ya ɗiga maka a layin tashi. Idan ta yi zafi fiye da kima sai fuskarta ta yi maiƙo ta ƙara santsi. A Kano daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake kaiwa digiri 40, kwalta ta riga ta yi maka rabin aikin. Da hunturu kuwa ƙura ce matsalar, juyi kaɗan don share ta, sannan a samu wanda zai share layin da tsintsiya. Ko da wane dalili kada ka riƙe maɓalli ya wuce minti ɗaya, naɗin wayar yana zafi ya ƙone, masu ƙera shi ma haka suke gargaɗi. Ba birkin ajiye mota ba ne a gangara.

A layin tashi, idan filin yana da fitilu, akwai haske biyu a ƙasa da tazarar inci 7 tsakaninsu, tayar gaba ta tare na farko sannan na biyu. Mai giyar hannu ya shiga a hankali, ya taɓa birki kaɗan, daidai abin da zai hana gangarawa, ya danna maɓalli, ƙafar dama ta koma totur. Sakin maɓalli da sakin kuloci tare suke tafiya. Maɓalli ya riga, ka gangara ka tsallake layi kafin lokaci. Kuloci ya riga, tayun baya su yi ta juyawa a banza abokin karawarka ya tafi. Wannan sai da maimaici, kuma da ƙaramar wuta ake koyonsa. Mai atomatik bai cika buƙatarsa a nan ba, ƙafar hagu a birki ta wadatar.

Da an tashi daga wasa kashe makunni ka rufe murfinsa tun kafin ka bar filin. Bari inji ya huce, buɗe bonet ka shafa mahaɗan, duba man birki da iskar taya. Man birkin a riƙa canza shi duk shekara biyu, datti a cikinsa shi ne yake fara sa bawul ya ƙi rufuwa sosai, alamarsa kuma mota ta riƙa silalewa gaba alhali fitila tana kunne. Idan ka tashi sayar da motar, mayar da fayif ɗin asalin da ka adana, a cire solonoyid da wayoyinsa, a sake cire iska. In mai saye ya ce a bar masa, buɗe bonet ka nuna masa inda yake, ka zaunar da shi a kujerar direba ya gwada makunnin da maɓallin a gabanka.